Ƙurungun Baba Ummaru

Da sunan Allah nake farawa, wanda Ya shimfiɗa ƙasa Ya ratsa ta da koguna. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Tun da na dawo, ba na idar da La'asar a masallacinmu na Nima, unguwarmu a Ankara babban birnin Gana, ba tare da wani ya riƙe mini hannun riga ba. Wannan ya ce yaya hanya, wancan ya ce wai da gaske ne kifi ya hana Alhaji Mumuni magana. Na lura kuma labarin ƙiba yake yi a bakin mutane, don shekaranjiya na ji wani mai shayi yana cewa kada ne ya kama Alhajin. Shi ya sa na zauna na rubuta abin da idona ya gani, da ajami kamar yadda na saba, daga baya aka juya shi zuwa boko saboda waɗanda ba sa karanta namu.

Dalilin tafiyar shi ne Rahimu, ɗan ƙanena marigayi, wanda yake sayar da kayan gyaran mota a kasuwar Abossey Okai. Ubansa ya bar mini shi amana. Ya ga wata yarinya mai suna Saratu, wadda ta zo Maamobi daga ƙasar Kabi ta Nijeriya don ta taya ƙanwar uwarta zaman jego. Suka fahimci juna. Da maganar ta kai kunnen mahaifinta, Baba Ummaru, wani masunci da ke zaune a gaɓar kogin Kwara, sai ya aiko ta koma gida, ya haɗa da saƙo cewa kada kowa ya wahalar da ƙafarsa, ɗiyarsa ba za ta yi aure a Gana ba. Bai faɗi dalili ba. Ita ma can ta ce ba ta sauraron wani manemi, uban kuma bai matsa mata ba. Rahimu ya rame har wandonsa yana neman igiya, ya fara zancen rufe shago ya koma bakin ruwa ya koyi su. Yaron da ko teku ba ya zuwa kallo.

Na san ni ba mai baki ba ne, don haka na nemi Alhaji Mumuni. Tsohon direban tirela ne, kuma ba a ɗaura aure a unguwarmu ba a ba shi lasifika ba. Ya ce, "Malam, ka bar mini shi. Mutum nan, in na buɗe baki, za shi ba mu yarinya har da kwalekwale. Ba matsala koraa, ko kaɗan."

Muka hau mota zuwa Aflao, inda Gana ta ƙare. A nan ake sauka a ratsa da ƙafa cikin turereniyar 'yan dako da mata masu tallan burodi. Wani ma'aikaci a ɓangaren Togo ya sa na zazzage aljihuna, ya ci karo da 'yar takardar da na rubuta sunayen garuruwan da za mu bi da ajami. Ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya dube ni ya dubi gemuna. Na ɗauka mun shiga uku. Sai ya ja ni gefe, ya yi ƙasa da murya, cikin guntuwar Hausa ya ce matarsa na da tsohon ciki, ko zan rubuta masa irin wannan. Na ce masa wannan ba laya ba ce, Kwatano ce da Kandi a rubuce. Na ɗaga hannu na yi wa matar addu'ar sauka lafiya, shi da ba Musulmi ba ya shafa tare da mu, ya raka mu har inda ake shiga mota.

Togo siririya ce ta nan gefen, kafin mutum ya gama gyangyaɗi an ce a sake fito da takardu. Mun isa Kwatano ta ƙasar Binin da yamma. Garin babura ne, masu acaɓa duk da riguna ruwan ƙwai, suna zuba kamar fari. Su ma suna da zangonsu, wato unguwar baƙi irin tamu, kuma wani mai sayar da tabarmi da Alhaji ya sani tun zamanin tuƙi ya sauke mu a ɗakin da yake ajiye kaya. Muka kwana a kan hajarsa, sauro ya yi walima.

Da safe muka yi kuskuren farko. Agogon Binin yana gaban na Gana da sa'a guda, mu kuwa ba wanda ya tuna. Da ladan ya kira Asuba, Alhaji ya duba agogonsa ya ce mutanen nan suna gaggawa da Ubangiji. Muka yi salla, ya zauna ya sha shayi kofi biyu da dogon burodin nan nasu mai kama da sanda, yana ba mai masaukinmu labarin yadda ya taɓa tsallake gada da taya ɗaya. Ko da muka isa tasha, motar arewa ta daɗe da tashi. Muka jira ta rana. Alhaji ya yi ta faɗa da yaron mota da Turanci, yaron yana rama masa da Faransanci, kowa ya gamsu cewa shi ya yi nasara.

Hanyar arewa doguwa ce. Kurmi ya riƙa ja da baya, kuka da ɗorawa suka fara bayyana, shanu suka yawaita. A Faraku muka ci sakwara da cukun Fulani soyayye, mai jan baya, mai laushi a ciki, abin da ban taɓa ci ba. A Kandi mai motar ya tsaya ya ɗauki awaki, ɗaya daga ciki ta zaɓi gefen babbar rigar Alhaji ta yi ta tauna har muka kai Malanbil. Daga nan muka hau babur zuwa kan iyakar Nijeriya ta wajen Lolo, sannan jirgin ruwa mai inji ya gangara da mu zuwa tungar su Baba Ummaru. Tunga ita ce ƙaramin ƙauyen masunta, bukkoki da 'yan ɗakunan laka a kan tudu, taru a shanye ko'ina, hayaƙin bandar kifi yana tashi.

Yara suka yanyame mu. Alhaji ya tambaye su, "Saratu ya na gida?" Suka fashe da dariya har wani ya faɗi ƙasa. A wurinmu a zango, namiji da mace duk "ya" ne, ba wanda ya damu. A can kuwa kamar ka ce akuya ta yi carar zakara.

Baba Ummaru dogo ne, baƙi, mai faɗin kafaɗa, hannuwansa duk tabo. Ya karɓe mu yadda addini ya ce a karɓi baƙo: ruwa, tabarma, ɗaki. Ya tambayi hanya, ya tambayi iyali. Amma fuskarsa a rufe take kamar ƙofar rumbu. Da Alhaji ya gyara murya zai fara, sai ya ce, "Baƙo shi ci abinci tukuna."

Saratu ce ta kawo akushin, tuwon shinkafa da miyar wasu ƙananan kifaye, kowanne bai fi tsawon tafin hannu ba. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Baffa, yaya mutanen Nima?" Na ce duk lafiya, sai mutum guda da ya ƙi cin abinci. Ta sunkuyar da kai, ta yi murmushi.

To, ku da kuke Ankara kun san yadda muke yi da ƙaramin kifi. In an soya shi an ɗora a gefen dokunu, tuwon masararmu mai tsami, da yajin shito, ba mai tsayawa tsince-tsince, da kai da ƙashi ake taunewa, har a ce nan daɗin yake. Alhaji ya ga kifi ƙarami, ya ɗauki guda ya jefa a baki gaba ɗaya, kuma don kada lokaci ya ɓace, ya fara jawabinsa yana tauna. Saratu ta ce, "Alhaji, ba irin na Ankara ba ne," amma maganar ta makara. Ya kai ga "Mu mutanen Nima, Allah Ya yi mana," sai ya tsaya. Idanunsa suka firfito, ya kama wuya, ya buɗe baki ba abin da ke fita sai iska.

Sunan kifin ƙurungu. Yana da ƙayoyi uku masu ƙarfi, ɗaya a gadon baya, biyu a gefe, kowace da haƙora kamar zarto. Masunta kan karye su tun a ruwa, amma gindin yana nan, kuma shi ne ya tsaya wa Alhaji a maƙogwaro.

Baba Ummaru bai yi gaggawa ba. Ya wanke hannu, ya sa aka kawo ruwa a ƙoƙo. Mutanensa Sarkawa ne, cire ƙayar kifi gadonsu ne, kuma ba sa juya wa mai ƙaya baya ko da maƙiyi ne. Na matso na kasa kunne don in ji abin da zai karanta, saboda ba na son a yi wa abokina abin da zai taɓa masa imani. Na ji Bisimilla, na ji salati, sauran ya yi shi a ciki. Ya ba shi ruwan ya kurɓa, ya dafa masa ƙeya, ya juya fuskarsa wajen haske, ya zura yatsu biyu. Sai ga abu a tafinsa, ɗan guntu da jini a jiki. Ko addu'ar ce ta yi aiki ko yatsun, ban sani ba, duka dai na Allah ne.

Ya dubi ƙayar, ya dubi Alhaji da ke share hawaye, ya ce, "Haka kuka cin komi a Gana, ba a dubawa?"

Alhaji ya so ya ba da amsa, murya ta ƙi. Wuyan ya kumbura, kwana biyu sai raɗa da nuni. Mutumin da na ɗauko tun daga Nima don bakinsa, ga shi zaune da ƙoƙon kunu yana kallona.

Baba Ummaru ya juyo gare ni ya ce, "Malam, ni ban iya zancen tabarma ba. In kana da magana, gobe bayan Asuba ina zuwa duba gura."

Ban iya iyo ba, kuma kwalekwalen siriri ne, in ka yi atishawa sai ya karkata. Na zauna a tsakiya na riƙe gefe biyu ina ta Hasbunallahu. Ruwa ya fara ja baya a lokacin. Muka bar babban kogi muka kutsa cikin wata fadama da ciyawar burgu ta rufe, inda saiwoyin itatuwa suke nutse. Ya tsayar da jirgin ya ce in leƙa. Da farko ban ga komai ba. Can sai na ga wasu 'yan kifaye a ƙarƙashin ganyen bado, cikinsu a sama, bayansu a ƙasa, suna tafiya a rigingine suna tsotsar ganyen. Na ce ai waɗannan sun mutu. Ya ce lafiyarsu lau, wani jinsin ƙurungu ne da Allah Ya hore wa cin abinci ta haka, shi ya sa ma cikinsa ya fi bayansa duhu. Na yi tasbihi. Shekara da shekaru ina karanta ayoyin halittu ga ɗalibai, ban san akwai mai iyo a kwance ba.

Ya jawo gura, wato tarkon da ake saƙawa kamar kwando. Da ya ɗago ta sai na ji ƙara, ƙurr, ƙurr, kamar ana murɗa tsohuwar ƙofa. Kifin ne ke kuka. Ya ɗauko guda ya nuna mini. Kansa tauri kamar kwalkwali, ga gashin baki mai rassa, jikinsa santsi ba ɓawo, da ɗigo-ɗigo baƙaƙe. Ya miƙe ƙayoyin nan uku ya kafe su, Baba Ummaru ya ce in gwada lanƙwasa ɗaya, na kasa. Ya ce ko babban kifi ya haɗiye shi sai ya yi nadama. Da rana yana ɓuya a cikin saiwoyi da ramukan gaɓa, da dare ya fito ya ci tsutsa da ƙananan katantanwa. In damina ta cika kogi, ruwa ya haura cikin burgu, can yake bi ya zuba ƙwai, 'ya'yan su girma a ɓoye, sannan su biyo ruwa su dawo.

Yana magana yana zaɓe. Manya ya karye musu ƙaya ya jefa cikin jirgi, ƙanana ya mayar ruwa. Ya ce akwai shekarun da kifin ya kusa ƙarewa, saboda masu su da gidan sauro da masu zuba guba, ga yashi yana cike gurabe. Dattawan tungaye suka zauna suka hana taɓa wannan fadamar har sai ruwa ya fara sauka. An sha rigima, amma ga shi bana gura tana nauyi.

Na ga bakinsa ya buɗe, sai na ce, "Baba Ummaru, ni ba zan yabi yaronmu ba, kai ma ba ka tambaye ni ba. Abu ɗaya nake so in sani. Me Gana ta yi maka?"

Ya daɗe yana ɗaure bakin gurar. Sannan ya ce yana da ƙanwa, Kulu, uwa ɗaya uba ɗaya. Wani ɗan garinsu mai fataucin goro ya aure ta ya tafi da ita Ankara. Shi Baba Ummaru ya tuƙa ta a kwalekwale da hannunsa zuwa inda za ta hau mota. Mijin ya rasu, ba su haihu ba, aike ya yanke. Sai bayan shekaru wani matafiyi ya faɗa a kasuwa, cikin zancen wani abu daban, cewa ai Kulu ta daɗe da mutuwa. Uwarsu tana raye a lokacin, tana ajiye mata busasshen kifi duk kaka.

"Ban san wanda ya wanke ta ba," in ji shi. "Ban san ko an yi mata salla ba. Wanga shi na abin da Gana ta yi mini."

Da Alhaji ne a jirgin, na san da ya rantse cewa haka ba za ta sake faruwa ba. Ni na kasa. Na ce masa ban san Kulu ba, kuma ba ni da ikon yi wa kowa alkawarin kwana. Na ce mu mutanen zango tsintattu ne, kakana Bamoshe ne, kakata Bazabarma, uwata Bakotokola, ba mu da gulbin da za mu nuna mu ce namu ne. Abin da na sani shi ne ban taɓa ganin an bar gawa ba masu salla a Nima ba. Amma faɗata ce kawai. In yana so, ya biyo mu mu nemi labarin ƙanwarsa tare, abin da muka samu ya yi hukunci da shi, ko daɗi ko ɗaci.

Ya juya jirgin muka dawo tudu. Da yamma na ga Saratu tana wanke masa babbar riga.

Mutumin da bai taɓa wuce Malanbil ba ya ratsa ƙasa uku da mu, da buhun bandar ƙurungu a kan cinya, bai yarda a sa shi a bayan mota ba. Muryar Alhaji ta dawo tun a Kandi, ya biya bashin shirun da ya yi har Lome. A Aflao Baba Ummaru ya ga teku, ya tsaya ya daɗe, ya ce wannan ruwan ba shi da ɗaya gaɓar, bai yarda da shi ba. Da muka iso gida muka bi ta gadar babbar kwatar da ta raba Nima da Maamobi, ya leƙa ya ga baƙin ruwa da leda, ya ce, "Wanga shi na gulbinku?" Na ce tsofaffi sun ce da rafi ne, har ana kama kifi. Ya girgiza kai, ya ce a tungarsu da an tara dattawa.

Na kai shi wurin sarkin Kabawan Maamobi. Aka yi cigiya a masallatai bayan Juma'a, mata suka ɗauka suka kai gidajen suna da na biki. Aka kawo mana Kulu biyu da ba ita ba, ɗaya ma tana raye, ta zo da kanta tana faɗan wa ya kashe ta. Kabari dai ba mu samu ba, maƙabartar ta cika tuntuni, ba alama. Har na fara tunanin na jawo wa Rahimu ƙarshen magana da hannuna.

Sai wata tsohuwa daga Alajo, Mma Azumi, ta aiko a zo. Ba ta gani sosai. Ta ce in Kulu mai koko ce ta bakin masallaci, mai tsaga uku a kumatu, wadda ba ta cin kifin teku, to, ɗakinsu ɗaya shekara da shekaru. Baba Ummaru ya zauna a ƙasa.

Ya ce, "Wa ya wanke ta, Inna?"

"Ni, da wani Bazabarma, da wani Bafrafra da ya musulunta. Duka mata. Likkafani, masu shan koko nashi ne suka saya."

"An yi mata salla?"

"Ɗana, masallaci bai ɗauki mutane ba. Har titi, mota ya tsaya." Sannan ta ce, "Mun nemi wanda za mu aika. Shi kullum yana cewa Kwara, Kwara. Kwara kuma dogo ne. Ba mu san wane tudu ba."

Ya rufe fuska da hannun riga. Muka ba shi wuri. Da ya tashi, ya kwance buhunsa ya juye mata rabin kifin a faranti, ya ce Kulu ce ta aiko.

Washegari a zauren sarkin Kabawa, Baba Ummaru ya ce a kira masa yaron. Rahimu ya zo daga shago ya durƙusa, ga baƙin mai a farce. Baba Ummaru ya kama hannuwansa ya juya su, ya ga yanka da ƙuna, ya sake su. Ya ce a kai goro tunga in ruwa ya gama sauka. Amma da sharaɗi biyu. Saratu za ta riƙa zuwa gida duk shekara. Kuma ranar da Allah Ya yi ikonsa a kanta a nan, mutum zai taka ya je ya faɗa da bakinsa, ba waya ba, ba saƙon kasuwa ba.

Na ce na ɗauka, ni zan je.

Ya dubi furfurata, ya dubi sandata, ya ce, "Malam, Allah Shi ja kwana. Amma a samo mai sauran ƙafa."

Zauren ya ɗauki dariya, shi ma ya yi, karo na farko da na ga haƙoransa. Sarkin Kabawa ya ce ba wuyan mutum ɗaya za a rataya wa ba, ya ɗora wa kujerarsa, duk wanda ya gaje shi ya gaji saƙon, ya sa aka faɗi sunan tungar da ƙarfi har sau uku don matasan da ke bakin ƙofa su riƙe. Muka shafa Fatiha a kan haka.

Abin da ya faru ke nan, ba kada a ciki. Inda na yi daidai daga Allah ne, inda na manta ku yafe wa tsufa. Allah Ya jiƙan Kulu, Ya cika Kwara da ruwa, Ya kai mu ranar goro da rai da lafiya.